Panasonic NV-HS1000 na hannu: injin ceton tsofaffin kaset, amma sai ya ga mai gyara

A gidaje da yawa akwai kwali ko tsohuwar akwati cike da kaset-kaset na bidiyo: na ɗaurin aure da kamu, na suna, na saukar Alƙur'ani, na hawan sallah, na tarbar alhazai. Wasu daga cikin fuskokin da ke ciki sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu kwafinsu a ko'ina sai a kan wannan baƙin zaren. Kamfanin JVC ne ya fito da tsarin VHS a 1976, Funai kuma, wanda shi ne na ƙarshe da ya rage yana ƙera injin, ya rufe layinsa a 2016. Ke nan duk injin da za ka saya yau na hannu ne, kuma kafin ka tambayi kyawun hotonsa, fara tambaya ko zai mayar maka da kaset ɗinka lafiya kamar yadda ka ba shi.

A kan wannan ma'auni muka ɗora Panasonic NV-HS1000, injin S-VHS (wato ingantaccen VHS) na tsarin hoton talabijin na PAL da aka yi a tsakiyar shekarun 1990 don kasuwar Turai. Hukuncinmu a taƙaice shi ne: yana cikin mafi kyawun abin da mai son kwashe kaset zuwa kwamfuta zai samu, amma injin da ya tsufa haka ba a ɗauko shi daga kwali a cusa masa kaset ɗin bikin iyaye. Sai an buɗe shi, an duba wurare huɗu ko biyar da aka san yana ciwo.

Abin da ya bambanta shi da bidiyon falo

Zaren VHS faɗinsa milimita 12.7 ne. Idan ka danna kunnawa, sanduna biyu ne ke jawo shi daga cikin kaset su naɗa shi a jikin dram, wato wannan ƙarfen mai sheƙi da ke zaune a karkace, mai faɗin milimita 62. A tsarin PAL dram ɗin yana juyawa sau 1,500 a minti, zaren kuma yana tafiya a hankali, milimita 23.39 kacal a daƙiƙa. Hedunan da ke gefen dram suna karanta layukan hoto da aka rubuta a karkace, kowane layi kaurinsa maikiron 49, bai kai silin gashi ba. Zaren da ya shekara 25 yana shan zafin bazara da laimar damina ya miƙe a wani wuri, ya takure a wani, don haka layukan ba sa zuwa a daidai lokacinsu. Abin da ido ke gani shi ne bangon ɗaki yana lanƙwasa kamar maciji, ko saman hoton ya karkace gefe guda kamar tuta.

Nan NV-HS1000 ya ci kuɗinsa. Yana da abin da ake kira TBC, wata da'ira da ke riƙe kowane layi na hoto na ɗan lokaci ta sake shi a daidai lokacin da ya kamata. A kaset ɗin da aka ɗauka kai tsaye da kyamara, bambancin a fili yake: gefen ƙofa ya miƙe, rubutun sunan ango da amarya ya daina rawa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana haƙuri da irin wannan karkacewa, amma na'urar da ke shigar da hoto kwamfuta ba ta da wannan haƙurin, da ta ga sigina ya karkace sai ta zubar da hotuna, sauti ya tsere wa baki.

Sai dai TBC ɗin ba maganin kowane ciwo ba ne. Yawancin kaset ɗin biki ba na asali ba ne. Mai bidiyo ya riƙe na kyamara, ya kwafa wa dangi. Kaset-kaset na fina-finai da aka riƙa sayarwa a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano ma sau da yawa kwafin kwafi ne a kan zare mai araha. Karkacewar da aka kwafa ta riga ta zama jikin hoton, TBC ba zai cire ta ba, wani lokacin ma sai ya rikice hoton ya riƙa tsalle sama da ƙasa. Akwai maɓallin kashe shi, kuma daidai ne a gwada kowane kaset da shi a kunne da kuma a kashe na minti biyu kafin a fara kwashewa.

Abu na biyu shi ne mafitar S-Video, mai ƙananan ramuka huɗu. VHS yana ajiye haske daban, launi daban a kan zare. Wayar nan mai kai rawaya tana gauraya su, sai na'urar da ke karɓa ta sake raba su, kuma a wajen rabawar ne ake samun ɗigo-ɗigo masu rarrafe a gefen launuka. S-Video yana kai su a rabe. Kada sunan S-VHS ya ruɗe ka: kaset ɗin VHS na yau da kullum ba zai wuce kaifinsa na layi kusan 240 ya kai 400 na S-VHS ba. Ribar ita ce tsabtar launi, kuma a hoton biki mai cike da leshi da atamfa da zanen lalle, ana ganinta.

Yana karanta gudun SP, wato na yau da kullum, da LP mai tafiya a hankali. Wannan yana da muhimmanci domin mutane da yawa sun riƙa sa LP don kaset E-180 na awa 3 ya ɗauki awa 6. A LP layukan sun ƙara sirancewa, kuma ƙananan injina kan kasa bin su. Injinan Panasonic na wannan zamani sun fi yawancin takwarorinsu iya riƙe LP. Yana kuma karanta sautin Hi-Fi da kuma na layi ɗaya da ke gefen zare na sama. Idan Hi-Fi yana ƙarar tartsatsi ko yana yankewa, a gyara turakin, wato saitin da ke ɗora hed a kan layi, da hannu. In ya ƙi, a koma na layi ɗaya, ko da yake yana da shuu a ciki.

Abin da ba zai yi maka ba: Nijeriya PAL ta yi amfani da shi, Nijar kuma SECAM. Kaset ɗin da aka naɗa daga talabijin da injin SECAM zai fito baƙi da fari a injin PAL, kuma ba lalacewa ba ce. Sai a nemi irin injinan nan masu tsari da yawa da aka riƙa shigowa da su daga Jidda da Dubai. Kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, mai lamba T-120 maimakon E-180, galibi NTSC ne, gara a nema masa injin NTSC. Ƙaramin kaset na VHS-C yana shiga ta cikin adafta mai siffar babban kaset. Video8 da Hi8 da Betamax kuwa ba su da adafta ko kaɗan, duk wanda ya ce zai sayar maka da ita kada ka saurare shi.

Inda yake ciwo

Injin da ke cikinsa shi ne wanda masu gyara ke kira injin K na Panasonic. Yana da sauƙin aiki, kuma yana tafiyar da zare a hankali, amma yana da sanannen rauni guda: wata 'yar farar roba da ke haɗa sandar motar lodi, wato mai shigar da kaset da fitar da shi, da giyar da ke tura komai. Da tsufa takan tsage, motar ta riƙa juyawa a banza. Alamarta ita ce kaset ya shiga rabi ya tsaya, ko ya shiga ya ƙi fita, ka ji mota tana kuka na 'yan daƙiƙu sannan injin ya kashe kansa. Ana samun madadinta, har da waɗanda ake ƙerawa sababbi. Manna ta da gam ba ya daɗewa. Muna ganin a canza ta tun kafin ta tsage, domin ranar da za ta saki, zarenka na naɗe a dram.

Na biyu shi ne suwic ɗin da ke gaya wa ƙwaƙwalwar injin matsayin da giyoyi suke. Ƙarfen cikinsa yakan yi baƙi, sai injin ya ruɗe: ya tofar da kaset ba dalili, ya shiga gudu da ka danna kunnawa, ko ya fitar da kaset da zare a waje. Ana buɗe shi a wanke da feshin wanke mahaɗar lantarki. Kafin a cire, a ɗauki hoton alamomin da ke jikin giyoyi da waya, domin idan aka mayar da haƙori ɗaya ba daidai ba, injin ba zai sake lodi ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi cin kaset, robar matsi ce, baƙar rolar da ke danne zare a jikin siririyar sandar da ke jan sa. Lafiyayyiya tana da taushi, ba ta sheƙi. Idan ta bushe ta yi santsi ko ta kumbura a tsakiya, zaren zai riƙa hawa sama ko gangarowa ƙasa, gefensa ya tattare. A gefen ƙasa ne aka rubuta siginar da ke daidaita gudun injin, a na sama kuma sauti. Gefen da ya tattare ba ya komawa. Wannan rola ba ta da tsada idan aka kwatanta da abin da take lalatawa. A canza ta kawai.

Sai sashen wuta. Kafasitocinsa sukan bushe, musamman a ƙasa mai zafi. Alamun su ne allon gaba ya dushe, injin ya ƙi tashi bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, ko wasu layuka kamar saƙar tabarma su riƙa yawo a hoto. A maye su da masu jure zafin digiri 105, daidai ƙarfin na asali. Babbar kafasitar da ke ɓangaren shigar wuta tana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare filogi, don haka wannan aikin na mai gyaran rediyo da talabijin ne, ba na mai koyo ba.

Tsohon giris ma yakan daskare kamar ƙaro a kan hanyar sandunan lodi. A goge shi tas, a sa ɗan kaɗan na irin wanda ba ya cin roba. Man keke, man juye da feshin kwance tsatsa ba su da wuri a cikin injin bidiyo. Ɗigo ɗaya a hanyar zare ya isa ya manna shi a dram. Idan injin da ka samu yana da 'yar rolar soso da ke taɓa dram lokacin lodi, cire ta. An yi ta ne don share hed, amma yanzu ta ruɓe, datti take shafa masa.

Kafin ka biya kuɗi

Ka tafi da kaset biyu da ba ka damu da su ba, ɗaya SP ɗaya LP. Sa kaset ka fitar sau goma a jere. Kunna, tsayar, tura gaba har ƙarshe, dawo da shi har farko. Bar shi ya yi wasa na minti 20, domin wasu matsalolin sai injin ya ɗumama suke fitowa. Sannan fitar da kaset, danna ɗan maɓallin da ke gefensa ka ɗaga murfin gaba, ka karkata zaren a haske. Idan ka ga layi a tsawonsa ko gefe ya yi kamar bakin ganyen latas, injin yana cin zare.

Dubi hoton da kyau a wurin da fari ya haɗu da baƙi, kamar farar riga a gaban duhu. Idan wasu gajerun jela baƙaƙe ko farare suna fita ta dama, hedunan sun sha aiki. Wannan ne ciwon da zai sa ka bar injin, domin sabon dram na wannan samfurin wuyar samu gare shi. Ka bambanta shi da toshewa: hed da ya toshe yakan rufe hoto da yayyafi farat ɗaya alhali sauti na layi ɗaya yana tafiya, kuma sharewa na warkar da shi. Wanda ya cinye kuwa a hankali yake lalacewa. Ka tabbatar da rimot yana nan. Ka duba bayan injin ka ga an rubuta bolt 220 zuwa 240. Ɗan'uwansa na Amurka, AG-1980, na bolt 120 ne kuma NTSC, ba zai karanta kaset ɗin Kano ko Kaduna ba.

Share hed ba tare da karya shi ba

Zare filogi, cire murfi. Yanki farar takarda mai tsabta kamar faɗin yatsu biyu, jiƙa ta da sinadarin aisofurofil mai kashi 99. Sifirit ɗin kemis yana da ruwa a ciki, yana jinkirin bushewa. Ɗora takardar a gefen dram da ɗan yatsa, ba da ƙarfi ba, ka riƙe ta cik. Da ɗaya hannun juya saman dram a hankali, saɓanin tafiyar hannun agogo, sau biyar ko shida. Za ka ji hedunan suna wucewa ƙarƙashin yatsanka. Canza takarda har sai ta daina fita da baƙi. Kada ka taɓa goga sama da ƙasa, kuma kada auduga ta kusanci hed ɗin hoto: siririn abu ne mai gautsi, zaren auduga ɗaya ya maƙale shi zai karye.

Audugar kunne tana da amfani a sauran wuraren: hed ɗin sauti da ke tsaye a dama, hed ɗin gogewa a hagu, sandunan da zare ke bi, da sandar da ke jan zare, wadda takan tara wani zobe mai ruwan ƙasa. Jira minti 15 kafin ka sa kaset. Idan za ka gwada da murfi a buɗe, kauce wa hasken rana, domin injin yana gane ƙarshen zare ne da haske, rana tana ruɗa shi. Kawunan sandunan da ke gefen dram suna da tsaga kamar ta sukuru, suna jan hankali a murɗa. Kada ka murɗa. An daidaita su ne da kaset na musamman da na'urar auna sigina, kuma rabin juyi ya isa ya ɓata komai.

Kaset ɗin share hed da ake sayarwa, musamman busasshe, kankara yake yi. Daƙiƙa goma a lokacin larura ba laifi, amma ba abin yi kullum ba ne.

Su kansu kaset ɗin

Injin da aka gyara tsaf, kaset ɗaya mai fumfuna zai mayar da shi baya. Leƙa ta tagar kowane kaset. Farin gari ko tabo kamar auduga a saman naɗin zare fumfuna ce, kuma tana yawa a kaset ɗin da ya yi damina a ƙasan gado ko jikin bango mai laima. Tana manne zare da zare har ya yage, tana toshe hed, tana kuma bin injin ta kama kaset na gaba. Irin wannan ana share shi ne a wani tsohon injin da aka sadaukar, a waje, da takunkumi a fuska, ana tura zare gaba da baya yana gogar ƙyalle marar gashi, sannan a kwance sukurori biyar na kwanson a wanke cikinsa. Ƙurar hunturu ita ma a goge ta daga jikin kwanso kafin ya shiga.

Ɓalle ɗan harshen da ke bayan kowane kaset mai muhimmanci. Idan babu shi, injin ba zai yarda ya yi naɗi a kai ba ko da yaro ya danna jan maɓalli. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya, kana saurare. Ƙara kamar ana yage takarda alama ce zaren ya manne, tsaya nan take. E-240 zarensa ya fi na E-180 siranta, ya fi saurin tattarewa, a rage yi masa gaba da baya. Kada a bar hoto a tsaye, domin dram yana ci gaba da gurzar wuri ɗaya. Shi ya sa injin ke sakin kansa bayan kamar minti biyar.

Idan an fito da injin ko kaset daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa wuri mai laima, raɓa takan kwanta a dram, zare ya manne masa ya naɗe. A ba su awa biyu su saba da ɗakin. Wajen ajiya, a jera su a tsaye kamar littattafai, a cikin kwalayensu, an dawo da zare farko, nesa da lasifika da rufin kwano.

Idan kaset ya maƙale, kada ka ja shi. Zare filogi, buɗe murfi, juya giyar motar lodi da yatsa har sandunan su koma gida. Kafin kwanson ya fara tasowa, sai an naɗe zaren da ya rage a waje, in ba haka ba murfin kaset zai datse shi. Bayan ya fito, akwai rami a tsakiyar ƙasan kaset. Tura biro ciki ya saki birki, ka juya faifan da yatsa. Zaren da ya tsinke ba a haɗa shi da salatif, gam ɗinsa yakan tsatso ya shafi hed. Hanya mafi aminci ita ce a raba shi gida biyu, kowane rabi a kwansonsa.

Kwashewa zuwa kwamfuta

Babu gajeriyar hanya: kaset na awa 3 awa 3 zai ci. A ɗauka a girman 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Fayil na tsarin DV yana cin kusan gigabait 13 a awa, wanda ba a matse ba kuma ya ninka haka fiye da sau biyar. A ajiye wannan babban fayil a wuri biyu, sannan a yi ƙaramin kwafi don turawa dangi a WhatsApp. 'Yan na'urorin USB masu arha sukan ƙone farin launi, farar shadda ta koma fili babu zane, kuma haɗa su da wannan injin asarar rabin kyawunsa ne. Ɗan layin da ke rawa a can ƙasan hoto ba matsala ba ce, wurin da hed ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki ne, tsohuwar talabijin ce ke ɓoye shi.

Kada a yi wannan aiki a kan wutar da za a iya ɗaukewa kowane lokaci, ko janareta mai hawa da sauka. Injin bai kai wat 50 ba, ƙaramar inbata ko UPS ta ishe shi tare da kwamfutar.

Ga mai kaset biyar ko shida, sayen NV-HS1000 da gyara shi ya fi ƙarfin buƙatar. Ya kai wa mai sana'ar kwashewa, amma ya tambaye shi wane inji yake amfani da shi, yaushe ya canza robar matsi, kuma me yake yi da kaset mai fumfuna. Ga mai ɗakin ɗaukar hoto, ko makaranta, ko gidan da ke da kwali-kwali na wa'azi da tarukan iyali, ya cancanci kuɗinsa, ya kuma fi injinan nan masu haɗe da DVD na ƙarshen zamani nesa ba kusa ba, waɗanda cikinsu kusan duk roba ce. In ka samu biyu, ko ɗayan ya mutu, ɗauki duka, domin dram da giyoyin mataccen su ne kayan gyaran mai rai.